Awon Ruwa da Awon Gishiri: Yadda Homon ke Sarrafa Ƙoda

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Sakkwato ko Maiduguri a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya ga wannan abu da idonsa. Da hantsi, bayan ruwan da ya ɗirka da sahur, sai zarya yake yi zuwa bayan gida, fitsarin kuma fari tas kamar ruwan randa. Kafin la'asar sakaliya labari ya sha bamban. Fitsarin ya zama ɗan kaɗan, ja kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, ga zarni. Ƙodar da ta yi na safe ita ce dai ta yi na yamma, ba a ƙara mata komai ba, ba a rage ba. Abin da ya sauya shi ne umarnin da jini ke kawo mata.

Masu ɗauke da umarnin su ne sinadaran da ake kira homon. Homon saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa a cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina, amma ba ya aiki sai inda aka tanadi makarɓarsa, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kowane kwaɗo. Ƙoda na karɓar irin wannan saƙo daga ƙwaƙwalwa, da zuciya, da wani ɗan ƙullutu da ke zaune a kanta. Ita ma tana aika nata.

Littattafan makaranta sukan jero waɗannan homon ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi ya haddace sunayensu ya manta bayan jarrabawa. A ganina ba a fahimtar su sai an gane cewa tambaya biyu jiki ke yi, irin waɗanda uwargida ke yi a gaban tukunyar miya. Ta farko: gishiri ya ji, ko ya yi yawa? Ta biyu: miyar za ta ishi gida? Tambayar farko ta kauri ce, ruwa ke gyara ta. Ta biyu ta yawa ce, kuma a cikin jiki gishiri ke gyara ta. Kowace da masu awonta da homon ɗinta, kuma cututtuka da dama na tasowa ne a ranar da amsoshin biyu suka ci karo.

A tace da yawa, a mayar da kusan duka

Ƙoda biyu ne, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, nauyinta kimanin giram 150. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta cikinsu yake bi, fiye da lita ɗaya kowane minti. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kowane ana kiransa nefuron. Bakin nefuron wani curin siraran jijiyoyin jini ne da ke zaune cikin ɗan ƙoƙo, wanda likitan Ingila William Bowman ya bayyana a 1842. A nan matsin jini ke tura ruwa da gishiri da suga da dattin jiki su ratsa rariya, ƙwayoyin jini da manyan furotin kuwa su tsaya.

Abin da ake tacewa a kwana ɗaya ya kai lita 180, wato jarka bakwai ta 'yan garuwa mai cin lita 25, har da ɗoriya. Ruwan da ke cikin jinin baligi bai wuce lita 3 ba, ke nan sau 60 ake tace shi tsakanin wayewar gari da wayewar gari. A cikin wannan tataccen ruwa akwai gishiri kusan kilo ɗaya da rabi. Amma abin da ke isa mafitsara lita ɗaya da rabi ce kawai, da gishiri 'yan giram. Sama da kashi 99 cikin ɗari komawa jini yake yi.

Aikin kamar ɓarna, amma da hikimarsa. Mai tsintar shinkafa tsakuwa take cirewa, don haka sai ta san kamannin kowace tsakuwa. Ƙoda akasin haka take yi: ta watsar da komai, sannan ta tsince abin da ta san jiki na so. Ta haka ƙaramar guba ko saurar maganin da jiki bai taɓa gamuwa da shi ba kan wuce waje ba tare da an san sunansa ba.

Kashi biyu cikin uku na ruwan da gishirin suna komawa tun a farkon bututun nefuron. Daga nan bututun ya nutsa can cikin ƙoda ya lanƙwaso ya dawo, lanƙwasar da Bajamushe Jakob Henle ya bayyana a 1862. Aikinta shi ne tara gishiri a zurfin ƙoda, har kaurin wurin ya ninka na jini sau huɗu. Bututu na ƙarshe, mai tattara fitsari, ta cikin wannan fadamar gishiri yake ratsawa kafin ya fita. Idan bangonsa a buɗe yake, gishirin da ke kewaye zai zuƙe ruwan ya mayar da shi jini. Idan a rufe yake, ruwan ya wuce mafitsara. A wannan ɗan taƙi na ƙarshe ake yanke hukuncin fitsarin safe da na yamma.

Mai tsaron ƙofar ruwa

Mai buɗe bangon shi ne basofiresin, homon mai hana yawan fitsari. Ana ƙera shi a gindin ƙwaƙwalwa, a wani sashe da ake kira haifotalamus, a ajiye shi a bayan ƙullutun fituwitari, wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Tun 1895 George Oliver da Edward Schäfer a Landan suka ga cewa ruwan wannan ƙullutu na ɗaga matsin jini, kuma daga nan sunan ya samo asali. A 1913 likitoci biyu, Farini a Italiya da von den Velden a Jamus, kowa daban, suka gano yana tsayar da fitsarin marasa lafiyar da ke kwararar da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sai a 1947 Ernest Verney na Jami'ar Kambirij ya nuna abin da ke sa a sake shi. Ya zuba ruwan gishiri mai kauri a jijiyar wuyan karnuka, wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa, fitsarinsu ya ragu nan take. Wato a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗanɗana jini, irin ɗanɗanon da uwargida ke yi wa miya a tafin hannu.

Harshensu kuwa kaifi gare shi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, kaurin ruwan jini na tsayawa kusa da 290. Da ya ƙaru da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, sai basofiresin ya kwararo, ƙishirwa ta biyo baya. Da wannan homon guda ƙoda ke iya saukar da kaurin fitsari zuwa 50 ko ta ɗaga shi zuwa 1200.

Yadda ruwa ke ratsa bangon ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 1992 Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wani furotin da ya gano a jajayen ƙwayoyin jini, ya jefa ƙwan cikin tsinkakken ruwa. Ƙwan ya kumbura ya fashe, alhali waɗanda ba su da furotin ɗin suna nan garau. Ƙofar ruwa ce ya gano, aka sa mata suna akwaforin, kuma ya samu kyautar Nobel a kanta a 2003. Shekara guda bayan gwajin ƙwan, masu bincike a Tokiyo suka gano irin ƙofar da ke cikin bututu mai tattara fitsari. Waɗannan ƙofofi a ajiye suke cikin ƙwayoyin bangon, kamar ƙyauren da aka jingine a ɗaki. Da basofiresin ya iso sai a kafa su a bango, ruwa ya bi. Da ya janye sai a cire su. Homon ɗin ba ya daɗewa a jini, cikin mintuna kaɗan rabinsa ya ɓace, shi ya sa umarnin ke saurin sauyawa.

Wannan ya warware batun mai azumin nan. Ruwan da ya ɗirka da sahur ya tsinka jini, basofiresin ya ja baya, ƙofofi suka rufu, mafi yawan rarar ta fita cikin awa biyu zuwa uku. Jiki ba shi da randar ajiyar tsurar ruwa. Shan ruwa a hankali daga buɗa-baki zuwa sahur, tare da abinci, ya fi cika ciki a tashi ɗaya. Da yamma kuma ƙoda ta matse iya matsewa, amma tana da iyaka: dattin da jiki ke samarwa kullum ba ya fita a ƙasa da rabin lita na fitsari. Raƙumi ya fi mu a nan, don kaurin fitsarinsa na iya ninka namu fiye da sau biyu, kuma Knut Schmidt-Nielsen, da ya yi nazarinsa a hamadar Aljeriya a shekarun 1950, ya nuna yana barin zafin jikinsa ya hau da rana don ya rage zufa. Da irin wannan tattali ayarin gishiri ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma. Tozon raƙumi kuwa kitse ne, ba ruwa ba.

Akwai wani abu a buɗa-baki da ke burge ni. Mutum ya kurɓi ruwa, kafin ruwan ya bar ciki ya shiga jini, ƙishirwa ta lafa, basofiresin ma ya fara sauka. Maƙogwaro ne ya riga ya aika wa ƙwaƙwalwa labari cewa ruwa na tafe. Ba don haka ba, da mutum zai yi ta sha har ya wuce kima. A wajen tsofaffi kuwa ƙishirwa kan dushe, jikinsu ya bushe ba su ji ba. Kakar da ta ce ba ta jin ƙishi a ranar zafi, a kai mata kofi duk da haka.

Idan basofiresin ya ɓace, ko ƙoda ta daina jin maganarsa, mutum na iya fitsarin lita 10 zuwa 20 a kwana, yana kwana da buta a gefe ɗaya, kwanon sha a ɗaya gefen. Raunin kai, ko ƙari a gindin ƙwaƙwalwa, ko daɗewa ana shan maganin litiyam na iya jawo haka. Wannan daban yake da ciwon suga. A ciwon suga, sugan da ya fi ƙarfin ƙoda ne ke jan ruwa ya fita da shi, har kiyashi su taru a wurin. Shi wannan fitsarinsa salam yake kamar ruwa. Da yake tsoffin sunayen cututtukan biyu a likitance sun yi kama, kuma ruɗanin ya sha cutar da marasa lafiya, a 2022 ƙungiyoyin likitocin homon suka amince a riƙa kiran nau'in da homon ke ɓacewa a cikinsa da sunan ƙarancin basofiresin.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar fitsarin kwance. A al'ada basofiresin na ƙaruwa da dare, don a yi barci ba tare da mafitsara ta cika ba. Masu bincike a Denmak a shekarun 1980 sun gano cewa a wajen wasu yara masu fitsarin kwance wannan ƙaruwar ba ta samuwa. Ƙodarsu na aikin rana a tsakar dare. Yaron da aka ɗora wa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, aka tara sa'o'insa suna yi masa waƙar tsokana, ba ganganci ya yi ba, kuma bulala ba ta ƙera homon. Mafi yawansu suna dainawa da girma, waɗanda abin ya ƙi kuma akwai magani a asibiti.

Ɗaya gefen ma da haɗarinsa. Ana yawan cewa a sha ruwa da yawa a wanke ƙoda. Ruwa isasshe na da amfani, musamman ga mai tsakuwar ƙoda, amma ƙoda ba kwano ba ce. Abin da take iya fitarwa bai wuce kimanin lita ɗaya a awa ba, kuma idan ciwo ko tashin zuciya ko wahala sun sa basofiresin ya ƙi sauka, ko wannan ba ta iyawa. Sai sodiyam ɗin jini, wato sinadarin gishiri, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145, ya faɗi, ruwa ya shige ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. A tseren dogon zango na Boston na 2002, kashi 13 cikin ɗari na 'yan gudun da aka auna sun gama da ƙarancin sodiyam, galibi don sun sha fiye da abin da suka zubar. Jariri ya fi kowa shiga wannan haɗari, don ƙodarsa ba ta nuna ba. Dalili ke nan, ban da tsoron ƙwayoyin cuta, da ya sa ake hana ba shi ruwa kafin wata shida ko da ana tsananin zafi. Nonon uwa kansa sama da kashi 80 cikin ɗarinsa ruwa ne.

Masu riƙon gishiri

Tambaya ta biyu, ta yawa, ta fi wuya, don jiki ba shi da sandar awon da zai tsoma ya ga inda ruwa ya tsaya. Matsi kawai yake ji, ya yi hasashe. A bakin kowane nefuron akwai ƙwayoyin halitta masu jin ƙarfin jinin da ke shigowa, da wasu masu ɗanɗana gishirin da ke wucewa a bututu. Idan suka ji abin ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari mai suna renin.

Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman ne suka gano renin a Sitokholm a 1898, daga ƙodar zomo, amma aka yi watsi da aikin fiye da shekara talatin. A 1934 Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar kare, karen ya kamu da hawan jini. Ƙodar ta ɗauka jini ne ya ƙare a jiki, alhali hanyarta kaɗai aka tsuke. Wannan gwaji ya cancanci a riƙe shi, don ya nuna cewa ana iya yaudarar ƙoda.

Renin na yanka wani furotin da hanta ke zubawa a jini, wani sinadari da ya fi yawa a huhu ya ƙarasa yankan, a samu anjiyotensin na biyu. Ƙungiyoyi biyu suka gano shi kusan lokaci guda wajen 1940, ta Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka, kowace da sunan da ta ba shi, sai a 1958 suka haɗa sunayen biyu suka fitar da ɗaya. Aikinsa da yawa: yana tsuke jijiyoyin jini, yana sa farkon bututu ya ƙara riƙe gishiri, yana ta da ƙishirwa, yana zuga basofiresin, sannan ya umarci ƙullutun adirinal da ke kan ƙoda ya saki aldosteron.

Aldosteron, wanda Sylvia Simpson da James Tait a Landan suka ware tare da Tadeus Reichstein na Suwizalan a 1953, yana aiki a ƙarshen bututu: a riƙe sodiyam, a saki fotasiyam. Abin da ke hannunsa bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na gishirin da aka tace ba. Kamar ba komai, amma kashi biyu cikin ɗari na kilo ɗaya da rabi giram 30 ne, ninki shida na giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai a kwana. Gishirin da aka riƙe kuwa ba ya zama shi kaɗai. Yana ƙara kaurin jini, ƙishirwa ta taso, basofiresin ya fito, ruwa ya biyo shi har kaurin ya koma daidai. Ta wannan hanya gishiri ke zama yawan ruwa. Wanda ya ci kilishi ko tsire mai yaji da magi da dare, ya kwana yana neman ruwa, ya tashi zobe ya matse masa yatsa, ya bi wannan hanya daga farkonta zuwa ƙarshe.

Aldosteron har zufa yake taɓawa. Dubi bayan rigar lebura mai haɗa siminti, inda zufa ta bushe ta bar farin zane. Gishiri ne, kuma a aiki mai nauyi cikin zafi mutum na iya zubar da fiye da lita ɗaya ta zufa a awa. Bayan 'yan kwanaki ana aiki a rana, aldosteron kan sa zufar ta rage gishiri. Wani ɓangare ke nan na abin da muke kira sabo da zafi.

Wannan tsari gaba ɗayansa na zamanin ƙarancin gishiri ne, lokacin da ake ratsa hamada don a samo shi. Yau gishiri na cikin burodi, da taliyar 'yan yara, da dunƙulen magi huɗu ko biyar a tukunya guda. Magungunan hawan jini da yawa wannan tsari suke karyawa. Ɗaya daga cikinsu, kaftofiril, ya samo asali ne daga binciken Sérgio Ferreira na Burazil a kan dafin wani maciji, aka fara sayar da shi a 1981, kuma danginsa irin su lisinofiril, masu sa wasu busasshen tari, sun cika kemis-kemis ɗinmu. Sai dai baƙar fata da yawa masu hawan jini renin ɗinsu ƙasa yake, don jikinsu ya riga ya riƙe gishiri, shi ya sa waɗannan magunguna su kaɗai ba sa yi musu aiki sosai. Gwajin da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke hawan jini a kan haɗin da babu shi. Irin binciken da muke buƙata ke nan, wanda aka yi a jikin mutanenmu.

Ranar da awo biyu suka saɓa

Zuciya ma tana da baki a maganar. A 1981 Adolfo de Bold, ɗan asalin Ajantina mai aiki a Kanada, ya yi wa ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga ɗakunan sama na zuciyar ɓera, sai fitsari da gishiri suka ɓalle musu cikin mintuna. Homon ɗin, wanda ake taƙaita sunansa da ANP, yana fitowa idan jini ya cika zuciya har bangonta ya miƙe, kuma umarninsa kishiyar na aldosteron ne. Yana daga cikin dalilan da ke sa wanda ya daɗe cikin kogi ruwa iya wuya ya fito yana jin fitsari. A hunturu ma jijiyoyin fata na tsukewa, jini ya taru a ƙirji, ga zufa ta ragu, sai fitsari ya yawaita. Amma murya ɗaya ce mai cewa a zubar, a gaban muryoyi da yawa masu cewa a riƙe.

Idan jini ya ragu sosai, wajen kashi goma cikin ɗari ko fiye, ƙwaƙwalwa kan saki basofiresin ko da jinin a tsinke yake. Wato in an rasa yadda za a yi, jiki ya gwammace miya ta yi salam da a ce tukunya ta ƙafe. Ga wanda ke zubar da jini wannan zaɓi ceto ne. Ga mai ciwon zuciya kuwa tarko ne. Zuciyar da ta yi rauni ba ta tura jini da ƙarfi, ƙoda ta ji matsi ya faɗi, ta ɗauka fari aka shiga, kamar dai karen Goldblatt. Renin ya fito, aldosteron ya riƙe gishiri, basofiresin ya riƙe ruwa. Ƙafa ta kumbura har in ka danna da yatsa rami ya zauna, huhu ya jiƙe, mutum ya kasa kwanciya sai a zaune. Jiki cike da ruwa, ƙoda na ta kukan babu. Haka abin yake a ciwon hanta da ya yi nisa, inda ciki ke cika da ruwa. Shi ya sa likita ke ba da maganin sa fitsari da mai toshe aldosteron, ya kuma hana gishiri, ba don ƙodar ta lalace ba.

A Zariya aka yi ɗaya daga cikin fitattun nazarce-nazarcen wannan lamari. A shekarun 1970, Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bayyana yawan ciwon zuciya a wajen masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Hujjarsu a fili take: kanwa cike take da sodiyam, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. An daɗe ana maimaita wannan bayani kamar an rufe magana. Amma babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka buga a 2020, bai samu alaƙa tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Na fi karkata ga haɗa binciken biyu: talauci da rashin abinci mai gina jiki na raunana zuciyar, kuma zuciyar da ta riga ta raunana kanwa ba za ta yi mata alheri ba. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, asibiti ya kamata a kai ta a ranar, a kuma ɗauke kwanon kunun kanwar.

A ƙasan duk wannan akwai wata kariya ta ƙarshe da mutane ke rushewa ba su sani ba. Idan jiki ya bushe, anjiyotensin na tsuke jijiyar da ke fitar da jini daga rariyar nefuron don matsin tacewa ya tsaya, ƙoda kuma na ƙera wasu sinadarai, furostagilandin, masu buɗe jijiyar da ke shigo da jinin. Magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen waɗannan sinadarai suke hanawa. Manomin da ya yini a gona cikin rana, bai sha abin kirki ba, ya biya kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, ya rufe wa ƙodarsa ƙofar shigar jini a daidai lokacin da take neman sa. In kuma yana shan lisinofiril da maganin sa fitsari, an taɓa ta ta fuska uku. Ga kuɗin wankin ƙoda sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Amai da gudawa su ne gwaji mafi tsanani. Ruwa da gishiri tare suke zuba, duk homon masu riƙewa suna iyakar ƙoƙarinsu, fitsari ya ɗauke. Tsurar ruwa ba ta isa a nan, don za ta tsinka jini ba tare da ta cika jijiyoyi ba. Dole a mayar da gishiri, kuma hanji na shigar da sodiyam tare da suga ko da kwalara ta kama shi. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon a Indiya, ƙarin ruwa ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da suga da kofi. Mace-macen suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Shi ya sa idan uwa ta kawo yaro idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, ma'aikaciyar jinya kan tambaye ta, "Maman yaro, yaushe rabonsa da fitsari?" Daga nan a haɗa ƙunshin gishiri da suga a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi cokali-cokali, ko a ɗaura masa ƙarin ruwa in ba ya iya sha. Uwar na zaune a bakin gado, lokaci-lokaci tana kai hannu tana taɓa zanin da aka shimfiɗa masa, tana jiran ya jiƙe.